Kafin ka ba shi ƙuri'a, tambaye shi inda ya ɗaga hannu

  Kai kuma da ba ka samu zuwa taro ba, takardar nan ta iske ka a fada ko a kasuwa ko a zaure, maganar taka ce. In ka iya karatu, ka karanta wa na kusa da kai.

Ranar Lahadi 27 ga Disamba 2020 ƙuri'a biyu za ka jefa. Hankalin kowa yana kan ta shugaban ƙasa, ita ake gardama a kanta a wajen mai shayi. Ni yau a kan ta biyun zan tsaya, wato ta 'yan majalisar dokoki, mutum 171 da za su zauna a Yamai shekara biyar da sunanka.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka depite shi ne wanda ke aiko da sukari da azumi, ya biya maka takardar magani, ya zo suna, ya zo gaisuwar mutuwa. Wanda ya yi wannan Allah ya saka masa. Amma ba don haka ake biyan shi albashi ba. Kundin tsarin mulkinmu na 25 ga Nuwamba 2010 ya ɗora masa aiki uku: ya yi doka, ya yarda ko ya ƙi yarda da haraji da kasafin kuɗi, ya sa wa gwamnati ido. An kuma ba shi kayan aikin. Yana da ikon ya yi wa minista tambaya a rubuce ko da baki, yana da ikon ya sa a kira minista gaban majalisa ya yi bayani, shi da abokansa suna iya neman a kafa kwamitin bincike. A majalisar 2020 akwai kwamiti guda wanda ba shi da wani aiki sai tsaro. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. To mu duba askin da aka yi mana tun daga 2016.

Ranar 10 ga Disamba 2019 aka afka wa barikin Inates, askarawanmu 71 suka kwanta dama. Ba a gama zaman makoki ba, ranar 9 ga Janairu 2020, aka afka wa Shinagodar, aka kashe 89. Mutum 160 cikin wata guda. 'Ya'yan talakawa ne, wasu daga garinku, wasu ba su daɗe da aure ba. Allah ya jiƙan su, ya ba iyalansu haƙuri.

Bayan 'yan makonni sai ga labarin binciken da sufetocin soja suka yi a ma'aikatar tsaro, a kan sayen makamai da kayan soja tsakanin 2017 da 2019. Rahoton farko ya ce ƙasa ta yi asarar wajen miliyar 76 na sefa: wani ɓangare an ƙara wa kaya kuɗi fiye da ƙima, wani ɓangare kuma an biya kuɗin, kayan ba su zo ba. Daga baya, cikin watan Yuni, mai gabatar da ƙara ya fito da wani adadi wanda bai kai rabin wancan ba. Ba zan yi gardamar lissafi da kowa ba. Ɗauki ƙaramin adadin ma. Kuɗin bindiga ne da harsashi da mota da gyaran jirgi, an fitar da su daga baitulmali, yaron da ke tsaye a bakin iyakar Mali bai gan su ba.

Tambayata a nan ita ce: wa ya sa hannu aka fitar da kuɗin? A waɗannan shekaru, kowace shekara a zaman Oktoba, gwamnati takan kawo kasafin kuɗi gaban majalisa, masu rinjaye su ɗaga hannu. Kowace shekara ana ce mana kason tsaro ya ƙaru, a yi haƙuri da ƙarancin aji da ƙarancin magani saboda yaƙi muke yi. Mun yi haƙuri. Amma wanda ya ba da kuɗin cefane, ai shi ke leƙa tukunya. Shekara uku ana wannan ciniki, kuma ba majalisa ce ta gano shi ba. Daga cikin ma'aikatar kanta abin ya fito. Don haka idan depiten da ya yi shekara biyar a kujera ya zo unguwarku neman ya koma, ka tambaye shi a gaban mutane, cikin ladabi: ranka ya daɗe, sau nawa ka nemi a nuna maka takardun sayen makamai? Wace rana ka kira ministan tsaro ka ce ya faɗi inda kayan suke?

Waɗanda suka yi tambayar a madadinsa, kun san abin da ya same su. Ranar 15 ga Maris 2020 ƙungiyoyin farar hula suka kira taro a Yamai don neman a kai maganar gaban shari'a. Aka hana taron, aka watsa mutane da hayaƙi mai sa hawaye, wuta ta tashi a kasuwar Tagabati, mutane suka rasa rayukansu. Aka kama shugabannin. Maikoul Zodi da Moudi Moussa da Halidou Mounkaila sun yi fiye da wata shida a gidan kaso, sai ƙarshen Satumba aka sallame su. 'Yar jarida Samira Sabou an kama ta ranar 10 ga Yuni saboda wani rubutu a Facebook da ya taɓo wannan magana, ta kwana a kaso har ƙarshen Yuli, sannan kotu ta ce ba ta da laifi. Kwana arba'in da wani abu na rayuwarta, wa zai biya ta?

Da wace doka aka tsare ta? Nan ne maganar ta dawo kan depitenku. A 2010 aka yi dokar da ta hana ɗaure ɗan jarida a ƙasar nan saboda abin da ya rubuta a jarida, kuma mun yi alfahari da haka. Sai a 2019 majalisa ta amince da dokar laifuffukan intanet. A cikinta an ce wanda ya watsa abin da zai iya ta da hankalin jama'a, ana iya ɗaure shi wata shida zuwa shekara uku, da tara mai nauyi. Mene ne abin da zai iya ta da hankalin jama'a? Dokar ta bar ƙofar a buɗe. Kai da ke tura saƙon murya a WhatsApp kana kukan babu magani a gidan likita, ko kana cewa an ga baƙin mutane da bindigogi a dajin garinku, wannan doka tana iya hawa kanka. Ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne masu suna, waɗanda kuka zaɓa, suka ɗaga hannu.

Ba su tsaya nan ba. Ranar 29 ga Mayu 2020 suka amince da dokar sauraren wayar mutane. Aya ta 29 ta tsarin mulkin 2010 ta ce sirrin wasiƙa da na sadarwa abu ne da ba a keta shi, sai bisa sharuɗɗan da doka ta tsara. Babu mai hankalin da zai ce kada a saurari salular ɗan ta'adda. A saurare ta, dare da rana. Abin da muka ƙi shi ne wanda aka ba mabuɗin. A dokar nan ba alƙali ne ke ba da izini ba, shugaban ƙasa ne. Hukumar da aka ce za ta sa ido kuma, yawancin mutanenta ɓangaren gwamnati ne ke naɗa su. Wato mai yanka shi ne mai rabo, shi ne kuma mai shaida. 'Yan majalisar adawa sun faɗi haka, da aka ƙi ji suka fice daga zauren. Amsar da ministan shari'a ya ba su a ranar ita ce, dama can ana sauraren su, yanzu dai za a tsara abin ne. Wata bakwai kafin zaɓe aka yi wannan doka. Ku auna da kanku.

Ga wata magana ga 'yan'uwanmu da ke goyon bayan masu mulki, don na san wasunku za su karanta takardar nan. Doka ba ta san mai ita ba. Wanda ya ƙera ta yau yana kan kujera, gobe yana iya zama shi ne a ƙasa, kunnen da ya kafa ya juyo kan salularsa. Ƙasar nan ta ga haka ba sau ɗaya ba.

Yanzu mu je Difa, don a can ne aka fi ganin abin da shirun depite ke jawowa. Bayan harin Boko Haram a Boso da Difa cikin Fabrairu 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci. A lokacin kowa ya fahimta, wuta ce ta kama. Amma dokar ta-ɓaci magani ne mai ɗaci da ake sha na ɗan lokaci, shi ya sa ba a barin ta ta zarce sai an sabunta ta, wata uku-uku. Hikimar wannan sabuntawa ita ce a tsaya a yi tambaya: wane mataki ya yi amfani, wanne ne ya cuci talaka a banza? Zuwa ƙarshen 2020 shekara shida ke nan ba kaɗan. An hana hawa moto, dubban samari 'yan kabu-kabu suka wayi gari ba sana'a. An hana cinikin tattasai, wanda shi ne dukiyar mutanen bakin Komadugu, sai a 2017 aka sassauta. An hana kamun kifi a tafkin Cadi da cinikinsa har zuwa 2019. An rufe kasuwanni. A 2015 ɗin nan aka ce mutanen tsibiran tafki su tashi cikin 'yan kwanaki, dubbai suka taka da ƙafa zuwa Ngigmi cikin zafin bazara, da tsofaffi da jarirai. Moussa Tchangari da ya yi magana a kan halin da suka shiga, tsare shi aka yi. Tun Maris 2017 dokar ta-ɓacin ta shiga wasu sassan Tilaberi da Tawa, kuma daga farkon 2020 aka hana moto a Tilaberi ma.

Wataƙila wasu daga cikin matakan nan sun zama dole. To a zo a nuna. Saurayin da aka raba da motonsa, aka bar shi ba aiki ba jari, ina ya nufa? Wa ya ƙirga ko hana tattasai ya rage wa Boko Haram kuɗi, ko kuwa ya ƙara mata mabiya? Wannan ita ce muhawarar da ta kamata a yi a majalisa duk wata uku, a sa a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Barbarci, kowa ya ji. Abin da muka gani shi ne a kawo takarda a ɗaga hannu a wuce. In za su tafi hutu kuma, sai su yi dokar da ta ba gwamnati izinin ta sabunta da kanta. Mai gadi ya ba da mabuɗi ya tafi barci.

Za a ce muku masu irin wannan magana ba sa son soja, suna karya wa askarawa gwiwa. Ku amsa musu da Inates. Wanda ya tambayi inda kuɗin harsashi suka shiga, shi ne mai son soja. Haka kuma lokacin da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, wadda tsarin mulki ya kafa, ta fito a Satumba 2020 ta ce ta gano gawarwakin farar hula 71 a ramuka a yankin Inates, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu masu kaki, gwamnati ta musanta. To tsakanin hukuma da gwamnati, ina wakilan jama'a? Bincike na gaskiya shi ne zai wanke sojan da bai yi ba, ya kuma sa mutumin ƙauye ya ci gaba da kawo wa jami'an tsaro labari. In ya ji tsoron mai kaki kamar yadda yake tsoron ɗan ta'adda, bakinsa zai rufe, kuma babu jirgin da zai maye gurbin wannan baki.

Maganar jirgi ta tuna mini. A 2020 sojan Faransa suna Yamai, Amurka kuma ta riga ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas. Da yawa ba su san yawan sojan Amurka da ke ƙasar nan ba sai da aka kashe huɗu daga cikinsu a Tongo Tongo a Oktoba 2017, tare da namu. Tsarin mulkin 2010 ya ce yarjejeniyar tsaro ba ta tabbata sai da dokar majalisa. Ka tambayi depitenku ko ya taɓa ganin takardun da idonsa, da ranar da aka yi muhawara a kansu.

Abin da 'yan takararmu suka ɗauka a gabanku shi ne su nemi a gyara dokar saurare ta koma hannun alƙali, a cire ɗauri daga dokar intanet a kan abin da ya shafi faɗin ra'ayi, a kafa kwamitin bincike na majalisa a kan kuɗin ma'aikatar tsaro, kuma kada a sake sabunta dokar ta-ɓaci sai minista ya zo da bayanin wata ukun da suka wuce. Za su kuma nemi duk ƙuri'ar da ta shafi tsaro da 'yanci a rubuta ta da suna, a san wane ya ce i, wane ya ce a'a, wane kuma ya bar wa wani wakilci ya tafi harkar gabansa. Ka ajiye takardar nan. In Allah ya ba su kujera, da ita za ka tare su duk ƙarshen zama, sau biyu a shekara. Tsarin mulkin 2010 ya ce depite wakilin ƙasa ne baki ɗaya, don haka ko ba ka zaɓe shi ba kana da ikon ka tambaye shi.

Abu na ƙarshe. A zaɓen majalisa alamar jam'iyya kake dangwala wa, amma bayan alamar akwai jerin sunaye na jiharku. Ka nemi a karanta maka jerin kowace jam'iyya kafin ranar. In ka ga sunan wanda ya zauna a majalisar da ta wuce, ka san tambayoyin da za ka yi masa idan ya zo mitin. In ya aiko da zane ko shinkafa maimakon amsa, ka sake aika masa da tambayar ta hannun ɗan aiken. Ka duba katinka na zaɓe tun yanzu, ka san rumfar da sunanka yake, iyaye mata ku fito da wuri kafin layi ya yi tsawo.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya kare askarawanmu.