Yadda Ake Rabon Kujerun Majalisa Ta Hanyar Jerin Sunaye

Maganar yau ta shafi wata hanyar zaɓe wadda ba a saba da ita ba a Nijeriya, amma maƙwabta sun daɗe suna aiki da ita, watau rabon kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu.

A Nijeriya mai ƙuri'a ya san mutumin da yake zaɓa. An yanka ƙasa zuwa mazaɓu 360 na Majalisar Wakilai da 109 na Majalisar Dattawa, wanda duk ya fi ƙuri'a, ko da guda ɗaya ce, kujera tasa ce, ƙuri'un sauran kuwa sun bi ruwa. A Jamhuriyar Nijar, kafin sojoji su rushe majalisa a watan Yuli na shekarar 2023, ba haka abin yake ba. Majalisar tana da kujeru 171. Daga ciki, 158 ana raba su ne a jihohi takwas, irin su Maraɗi, Damagaram, Tawa da Dosso, inda kowace jam'iyya kan kawo jerin sunayen 'yan takararta, mai ƙuri'a kuma jam'iyya yake jefa wa, ba shi da ikon soke suna ko ƙara wani. An ware kujeru takwas ga mazaɓu na musamman kamar Bilma da Tasara saboda ƙananan kabilu, biyar kuma ga 'yan ƙasar mazauna waje.

To, ina lissafin yake? Alal misali, a ce jiha tana da kujeru 5, an kuma jefa ƙuri'u 100,000 masu kyau. Sai a raba ƙuri'un gida biyar, kowace kujera ta tashi a kan 20,000. A ce jam'iyya ta farko ta sami 56,000, ta biyu 27,000, ta uku 17,000. Ta farko ta ci kujeru biyu ke nan, ta biyu ta ci ɗaya, ta uku ba ta kai ba, saura kujeru biyu a ƙasa. A nan sai a ƙara wa kowace jam'iyya kujera ɗaya a takarda, a raba ƙuri'unta da adadin, a ga wadda rabonta ya fi tsoka. Ta farko ta tashi da 18,666, ta biyu 13,500, ta uku 17,000, saboda haka ta farko ta ɗauki kujera ta huɗu. Da aka sake lissafi rabonta ya sauko 14,000, sai ta uku ta ɗauki ta biyar. Jam'iyyar da ta zo ƙarshe ta sami bakin magana a majalisa, abin da zai yi mata wuya ƙwarai da an yanka jihar mazaɓu biyar.

Wannan ne ya sa a wancan lokaci da wuya jam'iyya guda ta mamaye majalisar Nijar. A zaɓen 2016 PNDS-Tarayya, wadda ke riƙe da mulki a lokacin, kujeru 75 ta samu, dole ta nemi abokan ƙawance. Haka kuma jerin sunaye ya sauƙaƙa wa mata hanya, domin dokar shekarar 2000 ta ware musu kashi 10 cikin 100, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, jam'iyya kuwa ba ta da uzurin cewa mazaɓa ce ta ƙi.

Saura batun cike gurbi. Idan ɗan majalisa ya rasu ko ya yi murabus a Nijeriya, sai hukumar zaɓe ta shirya zaɓen cike gurbi, a sake kashe kuɗi, a sake baza 'yan sanda, mazaɓa kuma ta zauna ba wakili har a gama. A Nijar, kafin juyin mulkin 2023, kowane ɗan takara yakan tsaya ne tare da mataimakinsa, in ya rasu ko aka naɗa shi minista, mataimakin ya hau. A Afirka ta Kudu, inda ake rabon kujeru 400 ta wannan hanya tun 1994, jam'iyyar ce ke ɗauko wani daga jerinta ta cike gurbin.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙar. Tun da kujerar ta jam'iyya ce, wanda aka kora daga jam'iyya a Afirka ta Kudu ya rasa kujerarsa. An taɓa buɗe ƙofar sauya sheƙa, aka ga ɓarnarta, aka rufe a 2009. Wakilin da ya san haka, shugabannin jam'iyya zai fi jin tsoro a kan talakawa, domin su ne masu alƙalamin rubuta suna a sama ko a ƙasa. Manomin da rijiyar ƙauyensu ta rufta kuma, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa, alhali wakilan jihar suna da yawa, ba kuwa wanda ya ɗauki ƙauyen a matsayin nasa? Wannan aibi ba ƙarami ba ne, duk jam'iyyar da ke sha'awar tsarin ya kamata ta fara gyara yadda take fid da 'yan takara.

Kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, a rahotonsa na 2008, ya ba da shawarar a haɗa hanyoyin biyu: a bar mazaɓu yadda suke, a ƙara wasu kujeru da za a raba gwargwadon ƙuri'u. Shawarar ba ta shiga Tsarin Mulki ba.