Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Jawabi Ga Jama'ar Kagarawal Kan Tsohuwar Kwamfutar Cinya



Abin da ya tara mu a nan Gombe yau shi ne maganar kwamfutar cinya, wadda ake kira tafi-da-gidanka. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya. Saboda haka yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba, ya shiga ɗakin jarrabawa da rauni, ko da kuwa ya san karatunsa. Sabuwar kwamfuta tana da tsada. Amma a gidaje da ofisoshi da yawa akwai tsohuwa da aka ajiye don ta yi nauyi wajen aiki. Roƙonmu shi ne a ɗauko ta a kai wa mai gyara, domin galibi abu uku ne ciwonta.

Na farko ma'ajiya. Tsofaffin kwamfutoci suna da faifai mai juyawa, wanda shi ne yake jawo jinkiri. Idan aka sauya shi da ma'ajiyar SSD, wadda babu abin da yake motsi a cikinta, kwamfuta takan tashi cikin 'yan daƙiƙu. Amma kafin a sauya, lalle a kwafe takardu da hotuna a wani wuri.

Na biyu ma'adanar aiki da ake kira RAM. Gigabait 4 ya yi kaɗan ga aikin yau, gigabait 8 kuwa ya wadatar ga rubutu da lissafi da intanet. A sa mai gyara ya duba tukuna, don a wasu kwamfutocin an manne ta, ba ta ƙaruwa.

Na uku ƙura. Kun san yadda hunturu yake a ƙasarmu. Ƙura takan toshe fanka, kwamfuta ta yi zafi ta mutu. A share fankar, kuma kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma.

Sai kuma gargaɗi. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Yin hulɗar banki da manhajar da ba a toshe kafofinta, kamar kwana ne da ƙofa a buɗe. Mafita ita ce Linux, misali Linux Mint ko Lubuntu. Kyauta ne, ba su da nauyi, kuma akwai LibreOffice na rubutu da lissafi.

Wadda ta mutu murus kuwa, kada a ƙone ta, kada a jefa batirinta a bola inda yara suke wasa, domin akwai dalma da wasu sinadarai masu guba a cikin irin waɗannan kaya.

Iyaye, ku ba 'ya'yanku mata dama su koya kamar yadda kuke ba maza. Matasa, gyaran kwamfuta sana'a ce, ku nemi koyonta.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba ƙasarmu Nijeriya zaman lafiya. Wassalamu alaikum.