Kada Mu Goge Shaidar Damfarar Waya

Me ya sa ɓarayin MoMo da 'yan sakawa ke wuyar kamuwa? Sau da yawa layin da suke kira da shi, da katin wani aka yi masa rajista. Kuɗin kuwa cikin mintuna sun ratsa lambobi da dama. Mu kuma kunya kan sa mu goge saƙonni mu yi shiru, alhali alƙali ba ya hukunci sai da hujja. Ghana ta kafa dokar tsaron intanet a 2020, amma sai an kai ƙara take aiki. Don haka mu adana saƙon da lambar, mu kira 292, kada mu ara wa kowa Ghana Card ɗinmu. Allah Ya tsare mana halalinmu.