DUKIYAR JAMA'A TANA SON IDON JAMA'A

 

Hirarmu ta yau a kan dukiyar jama'a ce. Rijiyar garinku, da makaranta, da gidan likita, da hanyar mota, da kuɗin wa aka yi su? Wani zai ce na gwamnati. To, ina gwamnati ta samo? Daga gare ku. Lanhon da kuke biya, da kuɗin tikitin kasuwa, da harajin da ke cikin kayan da kuke saye, su ne ke taruwa. Ma'aikaci amana aka ba shi. Wanda aka ba amana kuwa ana iya tambayarsa yadda ya riƙe ta.

Amma tambayar mutum guda ba ta da nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa mutane ke haɗa kai su kafa ƙungiya: ta manoma, ta makiyaya, ta mata, ta ƴan kasuwa, ta iyayen yara ƴan makaranta. Su ake kira ƙungiyoyin farar hula. Ba jam'iyyun siyasa ba ne, ba kuma mulki suke nema ba. Aikinsu su ji kukan jama'a, su kai shi gaban hukuma, su bi sawu har a ga an yi aiki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1991, ana shirin babban taron ƙasa, sai mata suka ga mace guda kawai aka sa cikin kwamitin shirya taron. Ranar 13 ga watan Mayu suka fito a Yamai, suka yi jerin gwano. Aka saurare su, aka ƙara musu kujeru. Shi ya sa 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar.

A shekarar 2005 kuma, aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan madara, da sukari, da garin alkama, da ruwa, da lantarki. Ƙungiyoyi suka haɗu don yaƙi da tsadar rayuwa. A watan Maris aka yi jerin gwano, aka rufe kasuwanni da kantuna. An kama wasu shugabanninsu, daga baya aka sake su. A watan Afirilu aka zauna aka tattauna, gwamnati ta cire harajin daga madara da garin alkama. Kun ga, magana ɗaya da baki da yawa ta kai inda ake so.

To, wannan a birni ke nan. Ku fa, a ƙauyenku? Aikin yana nan a ƙofar gidanku. Makarantar garinku tana da kwamitin kula da ita. Gidan likita yana da nasa, famfon ruwa yana da nasa. Cikin ku ake zaɓen shugaba, da magatakarda, da ma'aji. A nan ne karatunku zai yi muku rana.

Ga misali. A ce garinku gida 80 ne, kowane gida ya ba da dala 100 don gyaran aji. Ku ɗauki alkalami. Dala 100 sau 80, jika 40 ke nan. Ma'aji ya ce an sayi siminti na jika 10, an biya magini jika 25. Jika 10 da jika 25, jika 35. Saura jika 5. Suna cikin asusu? A fito da su kowa ya gani. In an kashe su, a nuna takarda. Da can, kafin ku iya lissafi a rubuce, sai abin da aka faɗa muku. Yanzu gani ya kori ji.

Wani misali. A shekarar 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. In an karɓi kuɗi hannun uwar yaro, ta nemi takardar shaidar biya, ta karanta abin da aka rubuta. Wataƙila magani ne ya ƙare, aka ce ta saya a waje. Wataƙila kuma wani ne ya ci. Kwamiti ne zai bincika ya gane. Kada ku zargi mutum sai da hujja, don ƙazafi yana kashe ƙungiya.

Ga abu huɗu da za ku riƙe:

1. Kowane kuɗi da ya shiga ko ya fita, a rubuta shi cikin littafi, da ranar.
2. A kira taron gari a kan kari, a karanta lissafi da babbar murya, da harshen da kowa ke ji.
3. Mata su zauna cikin kwamiti, su yi magana. Su ne ke zuwa rijiya, su ne ke kai yara likita.
4. In akwai kuka, a rubuta shi, a sa hannu, a kai wa mai gari da hukumar gari, a ajiye kwafi guda. In an yi shiru, a koma.

Ƙungiyar ma tana son ido. Shugaban da ya daɗe bai kira taro ba, ma'ajin da ba ya son a buɗe littafi, a tambaye su kamar yadda ake tambayar ma'aikaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ma'aikacin kirki kuwa ba ya tsoron tambaya, don ita ce ke wanke shi.

Ga abin da za ku tattauna a aji tare da malaminku: Kwamiti nawa ne a garinku? Su wa ke cikinsu? Yaushe aka karanta muku lissafi na ƙarshe? Ku rubuta amsa da hannunku.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.