Tuwo yana gabanta amma ba ta ci: me ya kamata mu yi?

Jawabin da ma'aikatan sashen lafiya suka gabatar a Tamale a gaban wakilan iyalai, magajiyoyi, limamai da fastoci. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, in da hali ya fassara masa da harshen da ya fi ji.

Iyayenmu mata, iyayenmu maza, malamai da shugabanni, sannunku da hanya. Mun san wasunku daga Tarikom suka taso, suka biyo ta Zebilla da Bolgatanga, wasu kuma daga Zini, can yamma. Tafiya ce mai nisa. Allah ya saka da alheri.

Maganar da ta tara mu yau, wani zai ji ta kamar ba'a. Mutanen da suka baro gonaki da rumbuna da dabbobi a Burkina Faso, suka kwana a daji da yunwa, su ne za a zo a yi wa maganar wanda abinci ke gabansa amma ya ƙi ci? Mun yarda, babbar damuwarmu duka ita ce abinci ya samu, ya kuma isa. Sai dai wannan ne ma dalilin da ya sa muka ga dole a yi maganar. A wurin da kowa ya rame, mai wannan ciwo ba ya fita daban. Ana ganin yarinya tana zubewa, sai a ce wahalar hanya ce, ko rabon ne bai isa ba. Wata shida ya wuce, shekara ta wuce, babu wanda ya lura cewa ko ranar da aka tuƙa tuwo har aka bar saura, ita loma biyu ta yi ta wanke hannu.

Wannan ciwo ne, ba taurin kai ba, ba kuma yanga ba. Likitoci suna kiran sa anoreksiya: mutum ya riƙa hana kansa abinci da gangan har jiki ya lalace, shi kuwa yana ganin daidai yake yi. Yana da 'yan'uwa da za mu zo kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da irin waɗannan cututtuka na cin abinci, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Yawanci yana farawa ne lokacin balaga, ya fi kama 'yan mata, amma samari ma ba su tsira ba. A cikin cututtukan da ke taɓa tunani, anoreksiya na daga cikin waɗanda suka fi kisa, don zuciya tsoka ce, idan jiki ya rasa abinci ita ma ramewa take yi.

Mun sha jin ana cewa ai wannan ciwon Turawa ne, na 'yan matan da ke son su zama sirara kamar na talabijin. To ga abin da aka gano a nan gida. A shekarar 2004 wata mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila ta buga binciken da aka yi a makarantun sakandare biyu a arewa maso gabashin Ghana, wato ɓangaren ƙasar da Tarikom yake. An auna nauyi da tsawon ɗalibai mata 668. An samu goma da suka rame matuƙa, kuma da aka bincika ba a ga wani dalili ba sai dai su ne ke hana kansu abinci. Abin lura shi ne ba su yi maganar tsoron ƙiba ba. Dukkansu goman suna ganin abin kirki suke yi, suna danganta shi da addini da iya danne sha'awa. Ke nan ciwon yana nan tare da mu, rigar da yake sawa ce daban.

Saboda haka, malamai da fastoci, wannan ɓangaren naku ne. Yarinyar da ta ce azumi take yi, wa zai hana ta? Uwa ma alfahari za ta yi. Amma ku kun fi mu sanin cewa azumi yana da iyaka. Mai azumi yana ɗokin faɗuwar rana, ya sha ruwa da kowa, ya ci ya ƙoshi, ya tashi sahur. An ɗauke wa mara lafiya azumin Ramadan kansa, balle na nafila, kuma an hana ɗore azumi kwana da kwanaki ba a sha ruwa ba. Idan kuka ga yarinya ta tashi daga Litinin da Alhamis ta koma kullum, lokacin buɗa-baki kuma ruwa kaɗai ta kurɓa ta ce ta ƙoshi, tana kuma ramewa, ku kira ta ku yi mata magana. Kalma ɗaya daga bakinku ta fi goma daga bakinmu, don da sunan ibada ta shiga, da sunan ibada za ta fi saurin yarda ta fito.

Akwai kuma abin da yunwa ke bari a kan mutum bayan ta wuce. A 1944 da 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a Minesota ta ƙasar Amurka da samari 36 lafiyayyu waɗanda suka ba da kansu. An rage musu abinci zuwa kusan rabi har wata shida, suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Tunaninsu duka ya koma kan abinci, suna ɓoye shi, suna lashe kwano, suna fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da aka sake su, wasu suka yi watanni suna ci babu tsayawa har su yi amai. Waɗannan fa sun san ranar da gwajin zai ƙare. Yaranmu da suka gudo ba su sani ba. Don haka yaron da kuka samu ya ɓoye ƙosai a ƙarƙashin tabarma, ko yake cusa abinci kamar za a ƙwace, ba ɓarawo ba ne, ba kuma makwaɗaici ba. Jikinsa ne bai yarda cewa gobe ma za a ci ba. Duka ba ya gyara wannan. Abin da ke gyara shi shi ne cin abinci a kan lokaci ɗaya kullum, ko da kaɗan ne, da gaya masa tun da safe abin da za a ci da dare.

Idan abin ya zarce, mutum ya riƙa cin abinci mai yawa a ɓoye, kunya ta kama shi, ya je ya sa yatsa a maƙogwaro ya amayar, ko ya sha maganin wankin ciki, wannan shi ake kira bulimiya. Ya fi wuyar ganewa, don mai shi ba lallai ya rame ba. Amai a kai a kai yana cinye haƙora, yana kumbura kumatu, yana kuma zubar da sinadaran da ke daidaita bugun zuciya.

Ɗaya gefen ma kada mu manta da shi, wataƙila ma ya fi yawa a cikinmu. A al'adarmu jiki ake yabo. Budurwar da wahala ta ramar tana jin ana cewa wa zai aure ta haka, sai ta nufi mai sayar da magani a kasuwa ta sayi na ƙiba, wanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Galibi ɗayan biyu ne. Ko dai deksametason, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya hau da jini da suga, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki, ko kuma sifroheftadin da ke cikin ruwan magani irin Apetamin, mai sa barci da jiri, yana kuma iya taɓa hanta. Wadda ta daɗe tana shan deksametason kada ta yanke shi rana ɗaya, yankewar kanta haɗari ce. Ta kawo kwalin asibiti a nuna mata yadda za ta rage. Haka nan farar ƙasa, wadda ake ce wa ayilo a kasuwannin nan. Mai ciki ko yaron da ba ya iya haƙura da cin ƙasa, gawayi ko alli, sau da yawa ƙarancin jini ne ke damun sa. A kai shi a auna.

To yaya za a gane da wuri? Mu muna da abin da likitan birni ba shi da shi: kwano ɗaya muke ci. Uwa ta san hannun kowa a cikin akushi. Ku lura da wadda kullum take tura rabonta ga ƙanne, ana yaba mata tausayi. Wadda amsarta kullum ita ce ta ci a makaranta, ko a gidan ƙawa. Wadda take son dafa wa kowa amma ba ta zama a ci da ita. Wadda da an gama ci sai ta nufi banɗaki. Al'ada ta ɗauke mata wata da watanni ba ciki ba, gashi na zuba, jiri na ɗibar ta a bakin famfo, tana jin sanyi tana neman rigar sanyi a tsakiyar zafin watan Maris. Ta daina zama cikin ƙawaye. Ba sai alamun sun cika duka ba. Biyu ko uku sun isa a zo.

Ba aikinku ba ne ku sa wa ciwon suna. Rama tana da dalilai da yawa: tarin fuka, tsutsar ciki, ciwon suga, cutar ƙanjamau, laulayin ciki, da baƙin cikin wanda ya rasa miji ko ɗa, wanda shi ma yana kashe sha'awar abinci. Ma'aikacin lafiya zai fara duba waɗannan. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kuwa maganarsa daban ce, ta tamowa ce. Ana auna damtsensa da tsiri mai launi, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko ya ƙi cin maganin gyaɗar nan da ake bayarwa, a ranar za a kai shi, ba gobe ba.

Yadda ake buɗe maganar yana da muhimmanci ƙwarai. Ba a gaban mutane ba, ba kuma a kan abinci ba. Uwa, ko goggo, ko yayar da ta fi sakewa da ita, ta same ta ita kaɗai ta ce: “'Yata, na ga kwana biyu ba kya ci, jiri na ɗibar ki, hankalina ya tashi. Zo mu je a duba ki, ni zan raka ki.” Za ta musa. Za ta iya yin fushi. Musun yana cikin ciwon, kada ya sa ku janye. Kada a yi mata gori da cewa wasu na neman abin da take wulaƙantawa, ta riga ta sani, shi ne ma yake cin ta. Kada a danne ta a ɗura mata. Wannan gargaɗin ku riƙe shi da kyau: wanda ya daɗe ba ya ci, idan aka cika masa ciki lokaci ɗaya, zuciyarsa tana iya tsayawa. A hankali ake mayar da abinci, ƙarƙashin idon ma'aikatan lafiya.

Addu'a da rubutu ba mu hana ba, a haɗa su da asibiti. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɗaure mutum ko hana shi abinci da sunan fitar da iska. Ghana tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, kuma a 2017 hukumar da ke kula da ita ta haramta ɗaure masu ciwo da sarƙa. Dokar tana kare ɗan gudun hijira kamar yadda take kare ɗan ƙasa.

Hanyar neman magani daga kusa take farawa: ɗakin shan magani na sansani ko na unguwa, daga nan asibitin gunduma, inda za ku tambayi nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takardar turawa zuwa babban asibitin yanki, ko Asibitin Koyarwa na Tamale. Ku tafi da katin inshorar lafiya na NHIS, wanda nasa ya ƙare ya gaya mana. Abin da kuka faɗa wa ma'aikacin lafiya sirri ne. Idan kuwa ta suma, ko ƙirjinta na bugawa ba daidai ba, ko ta yi aman jini, ko ta ƙi ko ruwa, ko ta fara maganar mutuwa ta fi mata, ba a jira gari ya waye. A kira 112 ko a nemi mota. Kada tsoron 'yan sanda ya hana ku: tun 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka.

Ana warkewa. Waɗanda aka kama ciwonsu a shekarun farko sun fi samun sauƙi, kuma hanyar da ta fi yi wa matasa aiki ita ce wadda iyaye da kansu ke zama da yarinyar a kowane cin abinci, da haƙuri, har ta gama, sannan su ɗan zauna da ita bayan nan. Sau uku a rana, wata da watanni. Uwa ɗaya mai goyo, mai zuwa ɗibar ruwa da itace, ba za ta iya wannan ita kaɗai ba.

A nan ne taimakon jama'a yake shigowa, kuma ba kuɗi mai yawa yake nema ba. Maƙwabciya ta karɓi zaman abincin rana sau biyu a mako. Wata ta riƙe ƙananan yara ranar asibiti. Ƙungiyoyin adashi, ko susu kamar yadda ake cewa a nan, su ware 'yan sidi kaɗan a kowane zubi don kuɗin mota, domin sau da yawa kuɗin motar ne ke sa a fasa komawa ganin likita karo na biyu. Masallaci da coci su sa irin wannan gida cikin waɗanda sadaka ke kaiwa, ba tare da an kira suna a lasifika ba. Ƙungiyar BasicNeeds, wadda ofishinta ke nan Tamale, ta shafe fiye da shekara ashirin tana haɗa masu ciwon ƙwaƙwalwa da farfaɗiya da masu jinyarsu cikin ƙungiyoyin taimakon kai da kai a garuruwan arewa. Tsari ne da za mu iya kwaikwaya da mutum biyar ko shida a ƙarƙashin bishiya.

Sai kuma bakinmu. Mu rage yi wa yara laƙabi da jikinsu, wannan sanda, wancan buhu. Mu manya mun ɗauke shi wasa, su kuwa da shi suke kwana.

Magajiyoyi, roƙonmu gare ku shi ne kowace ta zaɓo mace ɗaya a rukuninta mai riƙe sirri, wadda 'yan mata ke sakewa da ita. Ku kawo mana sunayen a ofishin lafiya na sansani, mu zauna da su mu nuna musu alamun dalla-dalla da inda za su tura mutum. Yanzu za mu saurari tambayoyinku. Wanda tambayarsa ba ta cikin taro ba ce, muna nan a bakin ƙofa bayan an tashi.