Fitilar Mota da Rana Tsaka: Lacca a Kan Haƙƙin Rai Bisa Hanya

 

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta, wadda mai yiwuwa wasunku sun ɗauke ta ƙarama ƙwarai har ba ta cancanci a tara dattawa saboda ita ba, ita ce kunna fitilar mota da ta babur da rana tsaka. Kowa a nan ya san abin da yakan sami mutumin da ya yi haka a kan hanyar Kano zuwa Katsina ko ta Maraɗi zuwa Damagaram: duk motar da ya gamu da ita sai direbanta ya ƙyafta masa wuta, masu tafiya a ƙasa kuma su riƙa buɗe yatsu suna rufewa, domin su sanar da shi ya yi mantuwa, wasu ma su zaci ayarin wani babba ne ke tafe, ko kuwa gawa aka ɗauko. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma fahimtar tana bukatar gyara.

Haƙiƙanin al'amari shi ne, fa'idar fitila da dare ta mai tuƙi ce, don ya ga gabansa, amma fa'idarta da rana ta sauran jama'a ce, don su gan shi. Idon ɗan Adam, kamar yadda Allah Ya halitta shi, yana saurin kama abin da ya bambanta da kewayensa, yana kuma jinkiri ga abin da ya saje. To, mota mai launin toka ko ƙasa-ƙasa, wadda ta sha ƙura tun daga tasha, tana tafe bisa kwalta mai kawalwalniya, bayanta kuma ga daji fari fat na rani, ina bambancin da ido zai kama? Ku lissafa da ni. Idan motoci biyu suka fuskanci juna, kowace tana gudun kilomita 100 a sa'a, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kimanin mita 55 a kowace daƙiƙa ɗaya. Saboda haka direban da ya leƙo daga bayan tirela yana nufin ya sha gabanta, in ya hango mai zuwa da jinkirin daƙiƙa biyu kacal, ya yi hasarar fiye da mita 100, alhali kuwa sau da yawa wannan tazara ita ce iyakar abin da ke tsakanin komawa hannunsa lafiya da karon gaba da gaba.

Mutanen arewacin Turai ne suka fara mayar da wannan abu doka, saboda sanyin ƙasarsu yana zuwa da gajeruwar rana da dogon duhu-duhu. Finlan ta wajabta shi a hanyoyin karkara lokacin sanyi a 1972, Suwidin ta wajabta shi duk shekara a 1977, Kanada ta shar'anta shi ga sababbin motoci daga ƙarshen 1989, Denmak ta biyo baya a 1990, daga bisani Tarayyar Turai ta hukunta cewa daga Fabrairun 2011 kowane sabon samfurin ƙaramar mota sai ya fito da fitilar rana mai kunna kanta.

Na san mai hankali zai kawo suka a nan, ya ce waɗannan ƙasashen duhu ne, mu kuwa Allah Ya hore mana rana har ta yi yawa. Sukar tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne amfanin ya fi bayyana a inda haske ya ƙaranta. Sai dai ina tunatar da mai sukar cewa mu ma muna da namu duhun, wato hazon hunturu, wanda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa mana shi tun daga Nuwamba har wajen Maris, har wani lokaci jiragen sama su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Idan matuƙin jirgi, da dukan na'urorinsa, ya yarda ba ya gani, da wace hujja direban bas zai ce shi yana gani? Ga kuma hadarin damina mai taso da jar ƙura kafin ruwa. Bugu da ƙari, Maleshiya da Indiya ba su gaza mu zafin rana ba, amma ta farko ta wajabta wa masu babura kunna wuta da rana tun 1992, ta biyu kuma daga Afrilun 2017 ta hana sayar da sabon babur sai wanda fitilarsa ke kamawa da zarar an tayar da inji. Domin babur siriri ne, ido yana raina shi, kuma mai shi ba shi da garkuwa sai fatar jikinsa.

Amma batun cewa wuta tana cinye batir, wannan ya shafi wanda ya kashe mota ya bar ta a kunne. Muddin inji yana aiki, shi ke ciyar da fitila, man da take ƙarawa kuma kaɗan ne. Sharaɗi ɗaya nake jaddadawa: ƙaramar wuta ake nufi, domin babbar wuta tana kashe idon mai zuwa, a cikin hazo kuma ƙura ce ke dawo wa mai ita da haskenta.

Ya malamaina, ku kuka karantar da mu cewa kiyaye rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kamar yadda Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi suka bayyana, kuma tawakkali ba ya kore riƙo da sababi. Ku kuka karantar da mu cewa kisan kuskure ma bai kuɓuta daga diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere ba. Idan nauyin rai ya kai haka ko da babu ganganci, lalle ni a ganina barin sababin da bai wuce murɗa makunni ba sakaci ne wanda mumini ba zai so a tambaye shi a kansa ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin tashoshi su sa yaran kamasho su duba fitilun kowace mota kafin ta ɗaga, su kuma umarci direbobi da kunna ƙaramar wuta tun daga bakin ƙofa, musamman a watannin hazo. Ina roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda tun kafa ta a 1988 wayar da kai yake cikin aikinta, ta kai wannan bayani gidajen rediyo da Hausa. Ina kuma roƙon limamanmu su ba shi wuri a huɗubar Juma'a kafin hunturun bana ya kama.