Kabarin Maijirgi

A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta nausa gabas. Aka turo Kanar Klobb ya taka musu birki, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana uku ba su wuce ba, aka ce sojojinsu sun kashe Voulet da Chanoine, aka binne su a Maijirgi. To, a 1923 da aka tone kaburburan, na Voulet wayam! Wa ya ga gawarsa? Wa ya ƙirga talakawan da aka zuba a rijiyoyi?

Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a kan wannan runduna a 1980, amma da Faransanci. Marubutanmu, ga labarin bin diddigi yana jiranku da Hausa. A ɗauki alƙalami.